Yadda Na Zana Unguwarmu da Taku da Fensir

A cikin birnin Kano ba a cika yin kwatance da sunan titi ba, balle lambar gida. Baƙo ya tambayi gidan wani, abin da za a ce masa shi ne ya miƙe har ya iske masallaci mai koren fenti, ya karya kudu, ya wuce injin markaɗe, ƙofa ta uku mai kallon gabas, akwai dakali a bakinta. In ya rikice ya tambayi yara. Kuma yakan isa. Kowane mutumin cikin gari yana yawo da taswira a kansa, cike da bayani, sai dai ba kasafai ake sauke ta a takarda ba. Taswirar cikin waya kuwa, da zarar ka bar manyan tituna ka kutsa tsakanin Dala da Kasuwar Kurmi, sai ta koma 'yan layuka jefi-jefi a kan farin fili, alhali nan ne jama'a suka fi cunkushewa. Hoton tauraron ɗan'adam ya ɗan fi ta, amma shi ma rufin kwano yake nuna maka manne da juna. Lungun da aka ɗora soro a kansa ba ya fitowa, wanda ya mutu a ƙofar wani gida kuma sai ka ɗauka ya ɓulle.

Abin da ya sa na ɗauki fensir ke nan. Ban karanci safiyo ba, zane dai nake so tun ina firamare, kuma a wannan unguwa aka yanke cibiyata. So nake in ga ko abin da ƙafata ta sani zai yarda ya zauna a takarda.

Kafin in ja layi ko ɗaya sai da na je na gaida mai unguwa. Ba don ladabi kaɗai ba. Mutumin da aka gani yana ƙirga taku yana rubutu a lungu, zargi uku ne ke hawa kansa: ko na haraji ne, ko an turo shi ya duba inda za a shafa jan fenti a yi rusau, ko kuma yana da mugun nufi, domin tun hare-haren 20 ga Janairun 2012 Kanawa ba sa sakin jiki da mai leƙe-leƙe. Ɗan unguwa ma in ya fito da sabon hali sai an tambaya. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, so nake in zana unguwar nan a takarda, lungu-lungu." Ya tambaye ni na gwamnati ne ko na makaranta. Na ce na kaina ne. Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya taimaka, amma in tsaya a inda namiji yake tsayawa, kada in leƙa gidan kowa. Ya haɗa ni da wani matashi cikin 'yan sintirin unguwa, wanda ya zama bakina a duk inda aka tare ni da tambaya.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan makaranta, fensir, abin gogewa, biro shuɗi da ja, babban kwali fari, da ƙwallayen dabino a aljihu.

Na fara da hawa Dala, bayan ɗaukewar damina, lokacin da sama take tas kafin hazo ya sauko. Daga can ne ake ganin manyan turakun da za a ɗaure komai a jikinsu: Goron Dutse a yamma, hasumiyoyin babban Masallacin Juma'a da Gidan Rumfa a kudu maso gabas, rufin Kurmi a tsakani. A kan dutsen nan Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya tsaya a 1851 ya zana garin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a taswirarsa shi ne yawan filin da babu gini a cikin ganuwa, gonaki da fadama, da Jakara, wato rafin cikin birni, kwance a tsakiya ta raba gari biyu. Yau daga kan Dala sai ka yi da gaske kafin ka hango tafin ƙasa guda da ba a gina ba. Ita kanta ganuwar, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, ba ta fitowa sosai daga sama, gidaje sun haɗiye mafi yawanta. Don haka a gefen takardata kibiyoyi na ja, na rubuta Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai da Ƙofar Mata, kowacce ta fuskar da take.

Wani abokina da ya ga littafin ya ce wannan ai aikin Turawa ne. Na tuna masa cewa a 1824, a Sakkwato, daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello aka ba Hugh Clapperton taswirar ƙasashen nan da yadda kogin Kwara yake tafiya. Baƙon ne ya zo neman sani, masu gida suka zana masa. Fatake ma da yatsa suke zana hanya a kan rairayi tun kafin a san kwamfas a nan.

Shawara ta farko da na yanke ita ce in ɗora gabas a saman takarda. A makaranta an koya mana arewa ce sama, amma duk dattijon da na miƙa wa zanen gwaji sai ya juya shi har gabas ta koma gabansa, sannan ya fara nuna gidaje da yatsa. Mutumin da ke fuskantar alƙibla sau biyar a yini, da ita yake auna sauran kusurwoyi. Kuma ba dokar Allah ba ce arewa ta zauna a sama: Al-Idrisi, da ya zana wa sarkin Sisili taswirar duniya a 1154, kudu ya ɗora a can. Wannan zaɓi ya sauƙaƙa mini aiki ta wata hanya. A cikin lungun da ba ka ganin rana, ɗan ɗakin liman da ke turowa daga bangon kowane masallaci yana gaya maka inda ka dosa. Sai dai a kula, alƙiblar Kano ba gabas ce sak ba, ta ɗan karkata arewa, kuma masallatan ba su daidaita da juna ɗari bisa ɗari ba. Nakan gwada da kwamfas ɗin waya a kowace mararraba in rubuta bambancin a gefe.

Daga nan sai taku. Na auna takuna a kan tazarar da na san tsawonta, na ga taku huɗu nawa kusan mita uku ne. Kowane gida ɗaya na littafin lissafi na mai da shi taku goma. Duk taku hamsin in ɗauke ƙwallon dabino daga aljihun dama in mayar na hagu, domin a lungunmu ba ka yin nisa ba a tsayar da kai gaisuwa ba, kuma ba a amsa gaisuwar babba ana ƙirga a baki. Wahalar da duk mai wannan aiki zai gamu da ita ita ce lungunan cikin gari ba sa tafiya a miƙe. Suna lanƙwasa a hankali yadda jiki ba ya ji. Ka zagaya rukunin gidaje ka dawo inda ka tashi, a takarda sai ka ga layin bai haɗu ba, ya bar giɓi. Maganinsa shi ne a raba giɓin a kan dukkan kwanonin da aka sha, kowacce a ɗan gyara ta kaɗan, kuma kada a zana dogon zagaye a tashi ɗaya. Rukuni-rukuni nake yi, in rufe wannan sannan in jingina na gaba a jikinsa.

Faɗin lungu ne ya fara buɗe mini ido. Da farko da mita nake rubuta shi, sai na ga lambar ba ta gaya wa kowa komai. Na koma rarraba lunguna da abin da yake iya wucewa ta cikinsu. Akwai wanda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manna da bango. Akwai wanda kurar ɗan garuwa take shiga da jarkokinta. Akwai na babur, akwai na adaidaita sahu, akwai 'yan ƙalilan da mota take shiga. Kowanne na ba shi kaurin layinsa. Da na gama wannan na ja baya na duba kwalin, sai na ga abin da ban taɓa haɗawa a raina ba: motar kashe gobara ba ta da hanyar kusantar mafi yawan gidajenmu. Na kuma fahimci abin da hana acaɓa a 2013 ya canza a rayuwar cikin lungu. Ɗan acaɓa har ƙofar gida yake kai mutum. Adaidaita sahu a bakin titi yake tsayawa, ragowar tafiyar kuma tsohuwa da mai ciki da mara lafiya da ƙafa suke ƙarasa ta. Na sa jan ɗigo a duk inda adaidaita yake iya kaiwa ya juya, na ƙirga takun da ke tsakaninsa da gidajen da suka fi nisa. Wasu tazarar ba abin da za a so wa mace mai naƙuda da tsakar dare ba ne.

Wani dattijo da ke zama a ƙofar masallacinmu ya ƙara mini ma'aunin da ban yi tunaninsa ba. Ya duba zanen ya ce, "Yaro, ka sa inda makara take juyawa?" Ya tashi da sandarsa ya nuna mini kwanoni biyu da ba a iya shan su da makara a kafaɗa sai an karkata ta, shi ya sa gawar gidajen wannan ɓangaren ta wata hanya mai nisa ake fita da ita. Ta nan ɗin dai ake shigo da gadon amarya da kabad. Kowa a unguwa ya san haka ranar da abin ya taso, amma ban taɓa jin an faɗe shi a matsayin ilimi ba. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma," na sa wa kwanonin alama.

Taswira daga sama take kallon gari, ni kuwa a ƙasa nake rayuwa, don haka a gefen kowane shafi nakan zauna a dakali in zana fuskar gidajen kamar yadda mai wucewa yake ganinsu. Nan ne na gane bambancin ɗaukar hoto da zane. Hoto a ƙiftawar ido ka gama, ka wuce ba ka ga komai ba. Zane kuwa sai ka tambayi kowane layi daga ina ya taso. Gidan da nake wucewa tun ina yaro, sai da na zo zana shi na lura cewa zankwayensa ba tsawonsu ɗaya ba, cewa ƙarƙashin filastar siminti akwai tsohon shafen makuba da ragowar dagi, cewa kawunan azara suna leƙowa inda ƙasa ta zaizaye. Na lura zauruka da yawa an tsaga su an fitar da shago, wasu an toshe tsohuwar ƙofa an buɗe biyu, alamar an raba gado. Bangon bulo da ya ratsa tsakiyar tsohon soro yana ba da labarin gidan fiye da yadda masu gidan za su so su bayar.

A wajen wannan zanen ne idona ya sauka a kan indararo. Kowane soro da nasa, kowane rufin kwano da inda yake zubarwa, kuma duk cikin lungu suke aman ruwansu. Na fara sa 'yar kibiya shuɗiya a bakin kowanne. Daga nan tambaya ta zo da kanta: in ya sauka, ina yake zuwa? Na ajiye wannan shafin har damina ta kankama. A watan Agusta, duk lokacin da aka ɗauke ruwa, sai in naɗe wando in fita in bi shi tun bai janye ba. Ruwa ba ya ɓoye gangare. Lungun da ido yake gani a shimfiɗe, shi zai nuna maka ta ina ya karkata. Na bi kwatoci zuwa lambatu, na sa alama inda leda da yashi suka toshe, na auna layin danshi a jikin bangaye da tafin hannu. Duk kibiyoyin, bayan 'yan kewaye-kewaye, Jakara suka nufa, wadda yanzu an rufe wani sashenta da kankare an shimfiɗa titi a kai. Amma kafin su kai can akwai wurare uku da suke taruwa su tsaya cik, kuma gidajen da ke wuraren su ne waɗanda kowace shekara ake taya su kwashe ruwa da bokiti.

Na kai wa dattawan majalisa wannan shafin, ban ce komai ba sai tambayar me ke wuraren nan a da. Ba su yi gardama da juna ba ko kaɗan: kududdufai ne. Ɗaya ya ce a na tsakiyan ya koyi iyo, wani ya tuna inda ake wankin dawaki. Yadda abin yake shi ne, ƙasar da aka gina tsofaffin gidajen birni da ita, a nan kusa ake haƙo ta a yi tubali. Ramin da ya rage shi yake karɓar ruwan unguwa in an yi sama. Ba wurare ne masu tsafta ba, sauro da shara da haɗarin faɗawar yara duk suna nan, kada a yi musu kwalliyar da ba su da ita. Amma suna da aiki. Da jama'a suka yi yawa, fili ya yi tsada, sai aka riƙa cike su da bola ana yankawa ana sayarwa. Aka gina gidaje, ba a kuwa yi wa ruwan wani masauki ba, shi kuma bai fasa neman wuri mafi ƙasa ba. Ga ƙasar ciko ba ta da ƙarfi, shi ya sa bangayen wuraren suke tsagewa suna jiƙa tun daga tushe. Na zana iyakar kowane kududdufi da ɗigo-ɗigo yadda dattawan suka nuna, sai ga shi ya hau daidai kan inda kibiyoyina suka taru.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Da na auna tsawon dokin ƙofa gida-gida, sai na ga ana wata gasa da ba wanda ya kira ta da suna. Mai hali ya ɗaga ƙofarsa da bulo biyu, ya zuba kankare a gabanta. Ruwan da ya saba tsayawa nan sai ya gangara ga maƙwabci. Shi ma in ya samu kuɗi ya ɗaga tasa. A ƙarshe ruwan unguwa gaba ɗaya yana tarewa ne a gidan wanda ba shi da kuɗin siminti, sau da yawa gidan marayu ko na tsohuwar da 'ya'yanta suka yi nisa. Ba wanda ya yi niyyar cutar wani, kowa ƙofarsa yake karewa. Sai an shimfiɗa lungun gaba ɗaya a takarda ɗaya ake ganin inda abin yake ƙarewa, kuma ina ganin haƙƙin maƙwabtaka da ake yi mana wa'azi a kansa ya haɗa har da wannan.

Duk wannan rabin unguwa ne, rabin da namiji yake gani. Daga zaure zuwa ciki ba ni da hurumi, kuma taswirata ta nuna hakan: manyan fararen akwatuna da layuka a tsakaninsu. Sai na raba takardu. Na ba matata, na ba ƙanwata, na roƙi gwaggona, wadda ta ce ita ba ta riƙe fensir amma za ta faɗa a zana. Ƙanwata tana tambaya, "Gwaggo, daga nan sai ina?" ita kuma tana lissafi. Abin da ya fito bai yi kama da nawa ba ko kusa. Babu titi a ciki. Gidaje ne da sunayen matan da ke cikinsu, da abin da ake samu a kowanne: nan ake kitso, nan ake sayar da daddawa da kuka, nan uwar adashi take, nan mai ɗinki, nan unguwarzoma, nan ake aron babbar tukunya in biki ya tashi. Kasuwa ce sukutum a bayan bangayen da na bari fari, yara 'yan aike da 'yan talla su ne hanyoyinta. Akwai kuma 'yan ƙananan ƙofofi tsakanin gidajen dangi, waɗanda mace za ta bi ta ratsa gida uku ta je barka ba ta taka lungu ba. A zanen gwaggo gidan 'yarta da ke aure a Yakasai yana manne da namu, gidan da ke bayan katangarmu kuwa, da yake ba a shiri, ko alamarsa babu. Ban gyara mata ba. Nisan da take aunawa gaskiya ne, ma'auninta ne daban.

Ɗan garuwan da ke kawo mana ruwa shi ma ya zana nasa a bayan kwalin sabulu. Nasa duk tudu ne da gangare da matakala: inda ake tura kura da ƙirji, inda ake riƙe ta kada ta ƙwace, rijiyar burtsatsen da ke da layi da wadda ba ta da shi, gidan da ake biya nan take da wanda ake cewa a dawo. Shi ya gyara mini gangaren wani lungu da ruwan sama bai nuna mini sosai ba. Wani malamin tsara birane a Amurka, Kevin Lynch, ya yi irin wannan, ya wallafa shi a 1960, ya sa mazauna Boston da wasu birane biyu suka zana garinsu da ka, ya ce abubuwa biyar ne suke maimaituwa: hanyoyi, iyakoki, unguwanni, mahaɗu da alamomi. Duka biyar na same su a takardun da aka dawo mini da su. Abin da na samu ƙari a namu shi ne izini, wato wa yake iya bin ina, da kuma lokaci.

Lokacin ma sai da na yi masa shafukansa. Na sayi takardar nan shara-shara da masu zanen gini suke amfani da ita, ina ɗora ta a kan kwalin in zana abin da ke wurin a sa'a kaza. Da asuba mai koko da ƙosai da mai shayi ne, da muryar makarantar allo. Da hantsi majalisar dattawa tana gindin bangon da ke ba da inuwa, in rana ta karkata sai tabarma ta tsallaka ɗaya gefen. Bayan la'asar dandalin ya zama na 'yan ƙwallo, bayan isha'i na mai tsire da samari. Da dare kuma ana rufe ƙofofin ƙarfen da aka sa a bakin wasu lunguna, hanyar da ta ɓulle da rana ta zama matacciya. Ranar Juma'a sahu yana cinye titi, ranar Takutaha, bikin da Kanawa suke yi a watan Mauludi, duk hanyoyin da suka nufi Dala ba masaka tsinke. Fili ɗaya yana da masu shi huɗu ko biyar a yini, kowa ya san sa'arsa ba tare da an rubuta ba. Shafin inuwa shi ya fi ba ni tausayi, domin wurare da dama da ake kwatance da durumi ko ceɗiya ko tsamiya, suna ne kawai ya rage, bishiyar an sare.

Iyakar unguwa kuwa na kasa jan ta da layi ɗaya. Takardun cinikin gida a nan da maƙwabta suke faɗin iyaka, daga gabas gidan wane, daga yamma hanya, kuma haka mutane suke ji da unguwa. Akwai jerin gidajen da ake ɗaurin aurensu a masallacinmu amma rigimarsu wajen mai unguwar maƙwabta take zuwa. Na bar wurin da inuwar fensir mai faɗi.

Kada a ɗauka ina cewa zanen hannu ya fi na na'ura a komai. Masu allurar rigakafin shan-inna a jihar nan sun daɗe suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, kuma an gano ana tsallake ƙauyuka da rugage saboda ba su cikin zanen. Sai da aka shigo da taswirar tauraron ɗan'adam aka toshe wannan giɓin, kafin a kai ga ayyana Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na asali a 2020. Hannu yana zana abin da mai shi ya sani ne, ya bar abin da bai sani ba. In ana son a tabbatar ba a bar kowa a baya ba, na'ura ta fi. In kuwa ana son a san dalilin da ya sa ruwa yake kwana a ɗakin wata tsohuwa, sai an taka, an tambaya, an zauna.

Da na zo haɗa komai a kwali na ƙarshe, tambayar da ta fi ɗaukar mini lokaci ita ce me zan bari a waje. Takardar da ta nuna ƙofofin da ke tsakanin gidaje, da sa'ar da ake kulle kowane lungu, da katangar da ta yi gajarta, da gidan da babu namiji a ciki, kyauta ce ga ɓarawo. Sunayen matan aure ma ba abin liƙawa a bango ba ne. Don haka biyu na yi. Ta gida tana da komai, tana cikin akwati, zanen gwaggo kuma na mayar mata da abinta. Ta waje tana da lunguna da kaurinsu, masallatai, rijiyoyi, inda adaidaita yake tsayawa, kibiyoyin ruwa da tsofaffin kududdufai. Ita na kai wa mai unguwa.

Ya sa aka shimfiɗa ta a zaurensa bayan sallar la'asar, aka danne kusurwoyin da takalma, mutane suka zagaye ta. Kowa gidansa ya fara nema, sannan aka shiga gyara mini: wannan lungun ya fi haka tsawo, wannan rijiyar ta ƙafe, ka manta famfon bayan makaranta. Na gyara a gabansu. Maganar da ta fi tsawo ita ce ta yashe kwata. A da kowa ƙofar gidansa yake yashewa ranar da ya ga dama, dattin ya gangara ya toshe na ƙasa. An amince a yi aikin gayya rana ɗaya kafin saukar ruwan fari, a faro daga ƙasa inda lambatun yake fita, a hauro sama. Maganar dokin ƙofa an taɓa ta sama-sama aka wuce, domin masu dogayen ƙofofin suna zaune a wurin. Gidajen da ke kan kududdufi kuwa ba wanda ya kawo mafita, ba a cewa mutum ya tashi daga gidan da ya saya da guminsa.

Lambatun da muke son farowa daga bakinsa ba a unguwarmu ya ƙare ba. Ya ratsa ƙarƙashin wasu shaguna ya shiga unguwar da ke kudu da mu, kuma in can a toshe yake, yashewarmu ba za ta hana ruwa dawowa ba. Mai unguwa ya ce zai aika wa takwaransa na can, ni kuma in je in gaishe shi da kaina kafin in fara ƙirga taku a lungunansa. Aikin da ke gabana ke nan a wannan rani: daga bakin lambatunmu zuwa inda ya faɗa Jakara, a gama shi kafin watan Yuni.